Kafin a kira yaro mai kunnen ƙashi, a duba yadda aka aike shi

Ya Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in yi magana da iyaye 'yan uwana. Ni malamar rabin aji ce a nan Daura, kuma da wuya mako ya wuce ba a kawo mini ƙarar wani yaro ba, wai ana aikensa yana tsaye yana zare ido.

In na tambayi me aka ce masa, sai uwa ta ce: "Shiga ɗaki ka ɗauko buta, ka kai wa babanka, ka rufo ƙofa kada akuya ta shigo." Ɗan shekara biyu fa! Aike uku a numfashi ɗaya, ga rediyo na tashi, ita kuma daga madafi take ƙwala masa kira. Masu gyara wa yara magana sun ce ɗan shekara 1 aike ɗaya yake ɗauka, shi ma sai an nuna da hannu. Tsakanin 2 da 3 yake fara haɗa biyu, uku kuwa sai wajen 4 ko 5.

A aji, nakan kira sunansa, in durƙusa mu haɗa ido, in ce: "Ɗauko buta." Daga nan sai in yi shiru, ina ƙirga biyar a zuci. Wannan shirun ne ya fi yi mana wuya mu manya. Yaro na cikin haɗa maganar a kansa, mu kuma mun sake ta da wasu kalmomi, har da tsawa, sai komai ya wargaje masa. In bai motsa ba, na kama hannunsa mu ɗauko tare, in yaba masa. Sai ya ƙware a ɗaya nake ƙara na biyu: "Ɗauko buta, sannan ka zauna."

Wani kuma kunnen ne da kansa. Yaron da kunnensa ke fitar da mugunya, ko ya taɓa yin ƙyanda ko sanƙarau, yana iya rasa wani ɓangare na jinsa ba a lura ba, kuma raina yana ɓaci in ga ana dukan irin wannan. In ka kira shi ta baya bai waigo ba sau da yawa, a kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Ina kuma roƙon gwamnatin jiha ta sa a riƙa gwada jin yara a wuraren rigakafi, tunda can iyaye mata ke zuwa da su.

Wata malamar rabin aji,
Daura, Jihar Katsina.