Masu koyon gyaran hoto, ku rage amfani da magogi

Edita,

Ka ba ni fili in yi magana da matasan da ke koyon gyaran hoto a kwamfuta. Ina koyar da wannan aiki, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda suke garzayawa ga magogi (abin share sashen hoto a cikin manhaja, wato eraser) duk lokacin da za su cire abin da ke bayan mutum a hoto. Abin da magogi ya share ya tafi. Gobe mai hoto ya ce a dawo masa da gefen kafaɗarsa, sai a koma farko.

Maimakon magogi, a yi amfani da lulluɓi. Tun 1994 manhajar gyaran hoto ta Photoshop ke da leya, wato shimfiɗun hoto da ake ɗora ɗaya a kan ɗaya, kuma kowace leya ana iya sa mata lulluɓi (mask), wanda ke ɓoye sashenta ba tare da share shi ba. Ka shafa baƙi a kan lulluɓin, wurin ya ɓuya. Ka shafa fari, ya dawo. Ruwan toka kuma ya bar shi dishi-dishi. Hoton asali yana nan ƙalau. A wajen gashi ake ganin amfaninsa sosai: ka ƙara girman hoton, ka ɗauki burushi mai laushi, kana bin silin gashi a hankali, inda hannu ya zarce ka juya zuwa fari.

Datse gefen hoto ma haka. A Photoshop abin datsewa yana yanke dukkan leyoyi tare. Wata manhajar gyaran hoto mai suna GIMP kam tana da zaɓin datse leyar da kake kai kaɗai, sai dai ni na fi natsuwa da lulluɓi mai kusurwa huɗu.

Don Allah a riƙa ajiye aiki a tsarin fayil na PSD (na Photoshop) ko XCF (na GIMP), domin tsarin JPEG yana haɗe leyoyin wuri guda.

Naka,
Mai koyar da gyaran hoto