Saƙon kwamiti ga 'yan'uwa mazauna Amurka kan alƙawarin korar baƙi, kafin zaɓen 2024

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, yayye da ƙanne, 'yan ƙungiyar garinmu da ke Bronx, Columbus, Houston, Atlanta da sauran garuruwa, kwamitin gudanarwa na gaishe ku, da fatan kowa da iyali suna lafiya. Dattawa a gida sun ce a isar muku da gaisuwa, kuma hankalinsu na wurinku saboda abin da suke ji a rediyo game da zaɓen shugaban ƙasa na 5 ga Nuwamba, 2024.

Mun san a tsakaninmu akwai masu goyon bayan Kamala Harris, akwai masu son Donald Trump saboda haraji ko tarbiyyar yara, akwai kuma waɗanda suka yi fushi da duka biyun saboda Gaza. Ƙungiya ba ta da ɗan takara, kuma ba za ta ce wa kowa ga wanda zai zaɓa ba. Abin da ya sa muka rubuto shi ne alƙawarin da Trump ke nanatawa a kowane gangami, cewa zai yi korar baƙin haure mafi girma a tarihin ƙasar. Ya ce zai yi koyi da korar da aka yi a 1954 zamanin Shugaba Eisenhower, zai sa dakarun tsaron jihohi a aikin, zai kuma tono wata doka ta 1798 da aka yi domin 'yan ƙasashen da ake yaƙi da su. Har 'yancin da jaririn da aka haifa a ƙasar yake samu na zama ɗan ƙasa ya ce zai taɓa, duk da cewa yana cikin kundin tsarin mulki tun 1868. A ƙiyasin gwamnati na 2022, marasa takardu sun kai miliyan 11.

Da yawanmu sukan ce ai da 'yan Mekziko da Benezuwela ake yi, mu ta filin jirgi muka shigo. Wannan zancen ne ya fi damun mu. Wanda ya shigo da bizar ziyara, wa'adinta ya ƙare bai fita ba, a idon doka abin kora ne daidai da wanda ya tsallako katangar kan iyaka. Sannan ku tuna Springfield ta jihar Ohio. A muhawarar da ya yi da Harris ranar 10 ga Satumba, 2024, Trump ya ce baƙi a garin suna cin karnuka da kyanwoyin mutane. Hukumomin garin sun ce babu wata hujja, kuma galibin 'yan Haiti da ake nufi suna da izinin zama na wucin gadi. Duk da haka ya ce zai soke izinin ya mayar da su. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin yi da naka.

Mun ma taɓa ɗanɗanawa. A ƙarshen Janairun 2020 Trump ya sa Najeriya cikin ƙasashen da aka hana wa bizar zama na dindindin, tare da Eritiriya, Miyanma da Kirgistan. Waɗanda abin ya daka su ne masu cikakkun takardu, mutumin da ya shekara yana bin layi don ya kawo amaryarsa ko tsohuwarsa. Sai da Biden ya hau a 20 ga Janairu, 2021 aka ɗage. Maƙwabtanmu 'yan Gana kuwa an taƙaita musu biza a 2019 bisa zargin gwamnatinsu na jan ƙafa wajen karɓar waɗanda aka koro. Don haka wanda ke da niyyar shigar da takardun iyali kada ya jira bayan zaɓe, haka mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, da ya cika shekara 5, ko 3 in yana auren ɗan ƙasa, ya nemi zama ɗan ƙasa yanzu.

A ganinmu korar mutum miliyan 11 ba abu ne da za a iya a shekara huɗu ba. Babu isassun wuraren tsarewa, ga shari'o'i sama da miliyan 3 jibge a kotunan shige da fice. Amma ba sai an kori kowa kafin gidan mutum ya girgiza ba. Kuma dokokin da za a yi aiki da su sun riga Trump zuwa. A zamanin Obama, a 2012 kaɗai hukumar ICE mai kamawa da korar baƙin haure ta tasa ƙeyar mutum sama da 400,000, adadin da Trump bai kai ba a kowace shekara ta mulkinsa na farko. Ko wa ya ci zaɓe, mai gurguwar takarda yana cikin hatsari.

Abin da ya fi cin mutanenmu shi ne sakaci da wasiƙa. Mutum ya tashi daga Bronx ya koma Columbus neman aiki, takardar kiran kotu ta faɗa akwatin tsohon gida, ranar zama ta zo ba ya nan, alƙali ya yanke hukuncin kora a bayan idonsa. Shi yana can yana tuƙin Uber, bai san komai ba sai ranar da aka tsayar da shi. Doka ta ba da kwana 10 a sanar da hukumar shige da fice sauyin adireshi, mai shari'a a kotu kuma kwana 5. Wanda ya shigo kwanan nan ta hanyar Nikaragua ya sani cewa shekara ɗaya yake da ita daga ranar shigowa ya nemi mafaka.

Idan an ƙwanƙwasa ƙofa da asuba, kada ka buɗe. Ka tambaya daga ciki su wane ne, ka ce su turo takardar izinin shiga gida ta ƙarƙashin ƙofa. Ka duba sama ko sunan kotu ne, ka duba ƙasa ko alƙali ne ya sa hannu. In jami'in hukumar ICE ne kawai ya sa hannu, takardar ba ta ba su ikon shiga gidanka ba sai da yardarka. Kana da ikon yin shiru, marar takarda ma yana da shi. Kada ka gudu, kada ka yi ƙarya, kada ka sa hannu a abin da ba ka fahimta ba. A koya wa yara wannan, domin su ne masu rugawa buɗe ƙofa. Hajiyoyinmu, mun san al'adarmu ba ta barin baƙo a tsaye a waje, to a wannan kam a haƙura.

Kowa ya tanadi jaka guda: takardar haya, rasit na albashi, takardun haraji, na asibiti, na makarantar yara. A 2019 gwamnatin Trump ta faɗaɗa korar gaggawa ba tare da zuwa gaban alƙali ba ga duk wanda ya kasa nuna ya yi shekara 2 a ƙasar. An janye tsarin a 2022, amma maido shi ba wuya. Ka ba wani amintacce lambarka ta shige da fice, da ita ake gano inda aka tsare mutum, ku kuma tsayar da wanda zai riƙe yara in ta faru.

Kada tsoro ya sa wani ya sayi tikiti ya tafi ba shawara. Dokar 1996 ta ce wanda ya wuce kwana 180 ba izini ya fita, ba ya dawowa sai bayan shekara 3, in ya kai shekara kuma sai bayan 10. Mai girin kad ya nisanci rumfar zaɓe ko da wani ya miƙo masa fom ɗin rajista, domin ƙuri'a ɗaya ko iƙirarin zama ɗan ƙasa na ƙarya ya isa a kore shi. Ku kuma yi hattara da masu cewa sun san hanya, ko da ɗan'uwa ne mai jin Hausa. Lauya mai lasisi za a nema, kuma a kotun shige da fice gwamnati ba ta biya wa kowa lauya.

Saboda haka kwamiti na ba da shawarar a ware wani kaso daga asusun jana'iza da taimakon gaggawa domin kuɗin lauya da beli. Za mu tattauna wannan a taron Zoom na Lahadi mai zuwa bayan La'asar, agogon New York. Babu wanda za a tambaya matsayin takardunsa a taron, kuma muna roƙon a daina rubuta irin wannan bayani a zauren WhatsApp. Mai matsala ya kira sakatare shi kaɗai.

Allah ya tsare mu baki ɗaya. Wassalam.

Kwamitin Gudanarwa