Zuwa ga aminina, kan mutumin da ya rubuta finafinan ƙuruciyarmu

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya Kumasi, yaya kasuwa? Mu nan Kano sai godiyar Allah. Hajiya ta ce in gaishe ka da kyau, kuma har yanzu tana cigiyar ranar zuwanka.

Wani abu ne ya taso min da kewarka. Daren Juma'ar da ta wuce autana ya miƙo min waya, ya ce, "Baba, ga irin fim ɗin da kake ba mu labari." Ina dubawa sai ga saurayin nan mai aski ƙwal-kwabo, ɗauke da bokiti biyu cike da ruwa, ya miƙe hannuwa yana hawa tudu, an ɗaura masa wuƙaƙe a damatsa, da zarar hannu ya sauka sai tsini ya soke shi a haƙarƙari. Wallahi nan take na ji ƙamshin gyaɗa da hayaƙin tsire na ƙofar silimar Plaza, na gan mu a layin tikiti kana riƙe da gefen rigata kada turmutsutsu ya raba mu. The 36th Chamber of Shaolin ne, na 1978.

Na sa yaron ya mayar da shi farko, muka tsaya kan rubutun da ke fitowa kafin a fara, wanda a da lokacin neman wurin zama ne a wurinmu. A can na ga sunan wanda ya rubuta labarin: I Kuang. Muka bi sawu. Ashe Ni Kuang ake kiransa, kuma ashe ya mutu tun ranar 3 ga Yulin 2022 a Hong Kong, yana da shekara 87. Na yi shiru na ɗan lokaci. Mutumin da ya cika mana kunne da ido shekara da shekaru ya tafi, mu ko sunansa ba mu taɓa ji ba. Jarumi muka sani, da bos, da wanda za a fara kashewa.

Ka tuna mai hannu ɗaya? Wanda 'yar malaminsa ta sare masa hannun dama, ya koma ƙauye wajen matar da ta tsince shi, daga baya ya ɗauko karyayyen takobin mahaifinsa ya koyi faɗa da hagu daga wani littafi da wuta ta cinye rabinsa? Wannan fim ɗin ma da alƙalamin Ni Kuang a ciki, shi da darakta Chang Cheh suka rubuta. A 1967 ya fito, kuma shi ne fim ɗin Hong Kong na farko da ya tara dalarsu miliyan ɗaya a gida. Daga nan kamfanin finafinai na Shaw Brothers ya riƙe Ni Kuang gam. Labaran fim da ya rubuta sun haura 300, ban da littattafai.

Rayuwarsa ta fi finafinan taɓa ni. A Shanghai aka haife shi a 1935. Yana ɗan shekara 16 ya shiga aikin jami'an tsaro na sabuwar gwamnatin Kwaminis, daga baya aka tura shi yankin Mongoliya ta cikin Sin, inda sanyi ke kisa. Kamar yadda shi da kansa ya sha faɗa, wani hunturu makamashi ya yanke musu, sai ya ɓalle katakon wata 'yar gada suka hura wuta don kada su daskare. Aka ce ya yi wa juyin juya hali zagon ƙasa. Da ya ga abin zai kai shi ga halaka sai ya cika wandonsa da iska, ya ratsa ƙasar har kudu, ya shiga Hong Kong a 1957 ba shi da ko sisi. Leburanci ya fara yi a masana'anta kafin jaridu su soma karɓar rubutunsa. Da na ji wannan sai na fahimci dalilin da ya sa jarumansa kusan kullum marayu ne ko korarru, waɗanda aka raba da gida suka je ƙofar wani malami suka durƙusa.

Ina ganin abin da ya kama mu ke nan, aminina, fiye da tsalle da naushi. Turancin da aka ɗora wa finafinan ba ji muke ba, baki daban magana daban, amma labarin bai taɓa ɓace mana ba. Yaron da zai yi shara da ɗiban ruwa wata da watanni kafin malam ya nuna masa abu ɗaya, ai mun san shi. Kai ka yi shi a gaban alaramma, ni na yi shi a shagon ɗinki, shekara guda ina guga da saka maɓalli kafin a bar ni in taka keke. Shi ya sa ranar da saurayin nan ya iya tsallake kududdufi a kan itacen da ke yawo a ruwa, ya isa wurin cin abinci da kayansa a bushe, silima gaba ɗaya ta ɗauki ihu. Kuma da ya gama ɗakunan horo 35 na Shaolin, abin da ya roƙa shi ne a bar shi ya buɗe ɗaki na 36, ya koyar da talakawan da ke waje. Sai yanzu da furfura na gane girman wannan roƙon.

Akwai wani labarinsa da zai burge ka. A 1965 amininsa Jin Yong, babban marubucin labaran takobi, zai yi tafiya Turai alhali yana da labari mai fita kullum a jaridarsa Ming Pao. Sai ya damƙa wa Ni Kuang amanar ci gaba da shi, da sharaɗin kada ya kashe masa kowa. Bai kashe ba, amma akwai wata yarinya mai mugun hali a labarin da ya tsana, sai ya makantar da ita. Jin Yong ya dawo ya tarar da aika-aikar, ya gina sauran labarin a kan makantar, kuma zumuncinsu bai girgiza ba har mutuwa ta ɗauke Jin Yong a 2018. Ni wannan amincin ne ya tsaya min a rai, watakila don kai nake tunani.

A 1992 ya ƙaura San Francisco ta Amurka saboda fargabar komawar Hong Kong hannun Sin, ya yi shekara 14 a can, sannan ya dawo a 2006. Kai ma shekarunka a Kumasi sun kusa haka.

Na sa autan ya ajiye min finafinan guda biyu. Ban kalli na mai hannu ɗaya ba tukuna, na bar shi sai ka zo. In Allah ya kai mu babbar Sallah ka daure ka taho, mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan isha'i, yara su zauna a bayanmu. Ka gaida uwargida da yara, da duk mutanenmu na Zango.

Naka har kullum,
amininka na Fagge