Zuwa ga Aminina, Kan Karatun 'Yar Tamu

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Ya zaman Fatakwal da ruwan samanta marar ƙarewa? Saƙonka ya iso, na kuma ga cewa 'yar tamu na son cike kwas ɗin kiwon lafiyar al'umma a JAMB ta bana, tunda makinta na bara bai kai na likitanci ba. To bari in fara daga nan, don a nan ne iyaye da yawa ke yin tuntuɓe.

Wannan digiri ba ƙanin likitanci ba ne. Wanda ya gama shi ba shi da lasisin duba marar lafiya, ko rubuta magani, ko karɓar haihuwa. Likita, nas, ungozoma, jami'in lafiya na matakin farko, har duba-gari, kowa da hukumar da ke yi masa rajista, kuma digirin shi kaɗai ba ya shigar da mutum ko ɗaya cikinsu. In ɗakin haihuwa ne a ranta, gara ta nufi makarantar ungozoma tun yanzu. Likita mutum ɗaya yake dubawa. Mai wannan karatu gari yake dubawa: nawa suka kamu, a wace unguwa, wace rijiya suka sha.

Shiga ba wuya. Kiredit biyar ne, Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, karatun kuma shekara huɗu. Amma kafin ka biya ko sisi, ka tabbatar hukumar jami'o'i ta NUC ta amince da kwas ɗin a wannan jami'ar takamaimai, domin in ba haka ba bautar ƙasa ma sai ta gagara.

Za a koya mata tsaftar muhalli, abinci mai gina jiki, lafiyar uwa da jariri, da wayar da kai. Duk waɗannan ana iya haddace su a ci jarrabawa. Biyu ne ba sa haddatuwa, kuma su ne ke ba da abinci: bin diddigin cututtuka, da ƙididdiga. Ga misali. Rigakafin Penta sau uku ake yi wa jariri, a sati 6, 10 da 14. In yara 200 suka karɓi ta farko a wani asibitin mazaɓa, 150 suka karɓi ta uku, an yi asarar kashi 25 cikin 100, alhali duk abin da ya haura kashi 10 alamar matsala ce. Aikinta shi ne gano dalili: ko zazzaɓin da ke biyo bayan allurar ne ba a yi wa uwaye bayaninsa ba, ko ranar rigakafin ta faɗo ranar kasuwa, ko ma'aikaciya ce mai faɗa. Akwai kuma tarkon da ke ƙasan lissafin. Ana ɗaukar yara 'yan ƙasa da shekara ɗaya a matsayin kashi 4 cikin 100 na jama'a, jama'ar kuwa kintace ne daga ƙidayar 2006. Shi ya sa za ka ga rahoto ya ce an yi wa kashi 120 rigakafi, ga kuma ƙyanda na kwantar da yara a garin.

Ta kuma riƙe maganar sanyi da kyau. Ana ajiye rigakafi tsakanin digiri 2 da 8. Kowa zafi yake tsoro, amma daskarewa ta fi yin ɓarna a ɓoye: kwalbar Penta da ta jingina da ƙanƙara a cikin akwatin ɗauka ta mutu, ko da idonka bai ga canji ba. Ta ƙyanda da BCG kuwa, da zarar an haɗa su da ruwansu, awa shida ne, sai zubarwa.

In tana son ganin ainihin aikin, ta karanta abin da ya faru a Zamfara a 2010. Yara na ta jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu komai ba. Da aka bi gida-gida aka tambayi sana'ar magidanta, sai aka gano a tsakar gida ake daka duwatsun zinare masu ɗauke da dalma, yara na rarrafe cikin ƙurar. Sama da 400 suka rasu. Magani kaɗai bai isa ba, sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, don yaron da aka sallama zai koma ya sake shaƙa.

A ajin ƙarshe za ta yi aikin bincike. Kusan kowane ɗalibi mutum 384 yake tambaya, don shi lissafin ke bayarwa in ba ka san yawan abin da kake nema ba, sai a ƙara kashi 10 saboda masu ƙin amsawa. Inda ake lalata aikin shi ne wurin zaɓen mutanen. Wanda ya tsaya a ƙofar asibiti yana tambayar mata ko suna zuwa awo, ai ya riga ya san amsarsa. Ta koyi Excel sosai, ta ƙara da SPSS ko Epi Info, da Kobo na tattara bayanai a waya, ta kuma san DHIS2 da asibitocin gwamnati ke tura alƙalumansu ta cikinsa duk wata. Ka saya mata kwamfuta tun aji biyu, ko ta hannu ce.

Batun aiki, ba zan rufe ka ba, masu digirin sun fi guraben yawa. Akwai ma'aikatun lafiya da hukumomin lafiya matakin farko na jihohi, da NCDC wadda dokarta ta tabbata a 2018, sai WHO, UNICEF da ƙungiyoyin agaji. Na ƙarshen sun fi biya, amma kwantiragi ne da kuɗin wasu. Da Amurka ta zabtare tallafinta a 2025 mutane da yawa suka wayi gari ba aiki. Ƙofar shiga takan zama ƙaramin aikin wucin gadi: zagayen rigakafin shan-inna, ko rabon maganin kariyar zazzaɓi ga yara 'yan wata 3 zuwa 59 da damina. Kada ta raina shi. A nan mace ta fi namiji dama, tana wuce zauren da aka rubuta "ba shiga", ga Hausa a bakinta. Tun ƙauracewar rigakafin da aka yi a Kano a 2003 masu ɗaukar aiki suka san darajar wadda uwar gida za ta shimfiɗa wa tabarma.

Digiri na biyu ana yinsa a Bayero da Ahmadu Bello. Shirin horar da masu binciken annoba da aka fara a 2008 tare da Zariya da Ibadan kuwa ya fi ɗaukar likitoci, likitocin dabbobi da ma'aikatan ɗakin gwaji. A ganina, in lissafi ba ya ba ta tsoro, ta cike kwas ɗin kai tsaye. In tana shakkarsa, ta fara samun lasisi a kwalejin lafiya ko ta jinya, sannan ta shiga jami'a daga aji biyu.

Ka turo min sakamakonta na WAEC da jami'o'in da take hari in duba. A gaida Hajiya da yara.

Wassalam,
Naka amini.