Koken Guragu da Kurame na Tudun Wada Kan Koyon Tuƙi

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Allah ya ja zamaninka.

Mu 'ya'yanka ne guragu da kurame na Tudun Wada, kuka muka kawo gaban uba. Ran Talatar nan tirela ta banke wani yaronmu mai shan inna a baipas wajen Bakin Ruwa, yanzu haka yana kwance asibiti da karaya a hannu, hannun da yake rarrafe da shi yake neman abinci da shi. Yana kan babur mai taya uku ne da aka haɗa masa a Panteka, birki da giya duk na hannu, kuma wallahi babu wanda ya taɓa nuna masa cewa irin wannan babur yana ɗaga taya in an sha kwana da gudu, ko cewa direban tirela ba ya hangen wanda ya manne a gefensa. A titi ya koya kamar mu duka.

Ranka ya daɗe mun zaga makarantun koyon tuƙi har mun gaji, wasu su ce ba su da mota mai totur da birkin hannu, wasu su kalli sandar mutum su ce Allah ya ba da haƙuri sai ka ce bara muka zo, kurma kuwa ba mai yi masa bayani da maganar hannu. Mun rubuta, an zauna, an ce za a duba, shiru. Alhali lasin tuƙi yana da rukunin J na masu nakasa, dokar hana mu wariya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019 tana nan, jiharmu ta Kaduna ma ta yi tata a 2021. To ta ina za mu samu lasin tunda sai da shaidar makarantar tuƙi?

Muna roƙo don Allah ka sa baki a samo mota ko ɗaya ce mai na'urar hannu, da malami mai haƙuri da tafintan kurame, a ba mu fili mu riƙa gwaji ko ranar Asabar ce. A gayyato 'yan Rod Sefti da KASTLEA, masu kula da dokar hanya na jiha, su koya mana alamomin hanya, a duba birkin baburanmu. Malamin nan dai ranka ya daɗe, shi ne kan gaba. Yaron kuma iyayensa ba su da kuɗin ɗori.

Masu biyayya,
Guragu da kuramen Tudun Wada, Kaduna