Rahoton Ayyukan Shekara: Aikin Sa Kai na Horar da Matasa da Raya Itatuwa a Jihar Maraɗi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayen ƙungiya, shugabanni, da sauran mambobi maza da mata, a madadin kwamitin zartarwa, sakatare yana gabatar muku da rahoton abin da aka gudanar a shekarar da ta ƙare. An yi tarurrukan wata-wata kamar yadda aka saba, an yi gayyar yashe magudanun ruwa kafin faɗuwar damina, an kuma ci gaba da darasin yamma ga ɗaliban sakandare. Waɗannan duk kun shaida su da idonku, don haka ba za a tsawaita a kansu ba. Abin da ya ci mafi yawan kuɗinmu da ƙarfinmu shi ne tawagar 'yan sa kai da muka tura Jamhuriyar Nijar, kuma a kansa ne kuke da haƙƙin jin cikakken bayani.

Za ku tuna cewa babban taron bara ya amince da wannan tafiya ne bayan doguwar muhawara, domin wasu dattawanmu sun nuna damuwa game da hanya. Damuwar tana da tushe. An rufe iyakar ƙasashen biyu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, ba a kuma sake buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024, sannan Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS a watan Janairun 2025. Saboda haka kwamiti bai bar kowa ya tashi ba sai da aka tabbatar da takardun tafiya, aka samu wasiƙar gayyata daga masu masaukinmu, aka kuma sanar da hukumomin da abin ya shafa. Tawagar ta bi ta Jibiya da Ɗan Isa zuwa birnin Maraɗi, daga nan ta wuce ƙauyukan da ke tsakanin Aguie da Tasawa, ta yi aikinta a ƙarshen rani, lokacin da manoma ke shirin sassabe. Alhamdu lillahi, kowa ya dawo gida lafiya.

Shirin da muka tafi da shi kashi biyu ne: koya wa matasa dabarun jagoranci, da tallafa musu wajen kula da muhalli. A ɓangaren farko mun ba da abin da muke da shi. Masu masaukinmu sun ba mu shawara tun ranar farko cewa kada mu jira matasa a ajin makaranta, mu same su a fada, wato majalisar da samari ke haɗuwa suna shan shayi, domin a can ake yanke shawarar duk abin da ya shafi samarin gari. Da muka bi wannan shawara, zaman ya yi armashi. An koyi yadda ake tsara taro da rubuta abin da aka zartar, yadda ake riƙe littafin kuɗi da kowane mamba zai iya dubawa, yadda ake raba aiki don kada nauyi ya taru a kan mutum ɗaya, da kuma ladabin gabatar da buƙata a gaban maigari ko magajin gari ba tare da an ƙasƙantar da kai ko an yi rashin kunya ba. Kowane ɗan tawaga ya riƙi ƙaramin rukuni, yana bibiyar su har yau ta WhatsApp.

A ɓangare na biyu kuwa, gaskiya ita ce mu aka koyar. Mun je da tunanin da muka saba da shi a gida, na renon tsirrai a leda da dasa su idan ruwa ya sauka, sai muka tarar da mutanen da suka yi shekaru arba'in suna mayar da itatuwa gonakinsu ba tare da sun dasa ko ɗaya ba. Sunan dabarar a bakinsu sassabin zamani. Bayan farin 1973 da na 1984, gonakin yankin sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da yashi har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku. A shekarar 1983 wani masanin noma ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sarewa duk shekara ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, waɗanda saiwoyinsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka karɓi abin, suka gyara shi daidai da gonakinsu, ya bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya kiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, a shekarar da aka ba manomin nan na Burkina Faso, marigayi Yacouba Sawadogo.

Yadda ake yin aikin ba shi da wuya, kuma 'yan tawagarmu sun yi shi da hannunsu. Manomi yakan zagaya gonarsa ya zaɓi kututturan da yake so su girma, kamar kalgo, sabara, aduwa, magarya ko gawo. A kowane kututture yakan bar rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ya sare sauran, ya rage ƙananan rassan gefe zuwa kusan rabin tsawon reshen. Dattawan sun nace a kan abu biyu: adda ko gatari ya kasance da kaifi, kuma a yi saran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ana ɗaura ƙyalle a jikin reshen domin mai neman itacen wuta ya san yana da mai shi, sannan a riƙa komawa bayan 'yan watanni ana rage sabon toho. Da yake saiwar ta daɗe da kai wa ga laima, ba a buƙatar ban ruwa. Gawo ne abin alfaharinsu, domin yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi ganye da rani ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, kuma kowa ya ga yadda hatsin da ke gindinsa ya fi na sauran gonar kyau.

Abin da ya fi jan hankalin kwamiti shi ne cewa sara da adda ba shi ne ginshiƙin nasarar ba. A da, itacen da ke gona na hukuma ne, manomi yana iya shan tara idan ya sare shi, don haka ba wanda ke son ya bar shi ya girma. Da aka sassauta wannan, ta hanyar dokar gandun daji ta 2004 da kuma dokar 2020 da ta tabbatar wa manomi haƙƙi a kan itacen da ya rena, sai mutane suka ɗauki itace a matsayin dukiya. Ƙauyuka irin su Ɗan Saga sun yi suna wajen kafa kwamitin tsaron itatuwa da ya ƙunshi manoma, mata da makiyaya, mai dokokin da gari ya amince da su da hukuncin wanda ya yi sara da dare. Matasan da muka je koya wa jagoranci sun tashi ne a cikin wannan tsari, kuma da yawansu sun fi mu sanin yadda ake sasanta manomi da makiyayi a kan reshen da aka sassaɓe wa dabbobi.

Wajibi ne a faɗi inda muka gaza. Ba mu tura mata isassu a cikin tawagar ba, saboda haka ba mu samu zama da 'yan mata da matan aure yadda ya kamata ba, alhali su ne ke tafiya neman itacen girki, su ne kuma ke sayar da ganye da 'ya'yan itatuwa a kasuwa. Kasafinmu ma bai yi la'akari da faɗuwar darajar naira a kan sefa ba, har aka rage kwanakin aiki. Ma'aji zai karanta cikakken lissafin shiga da fita, kuma rasiɗai suna nan ga duk mamban da ke son dubawa. Haka kuma, da muka dawo muka zagaya wuraren da muka yi dashe a daminar da ta wuce, mun tarar da yawancin tsirran sun mutu saboda ƙishirwa da awaki, kuma wannan kuɗin mambobi ne da guminsu.

Jiharmu ta Katsina tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa a Nijeriya, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, kuma ƙasar Jibiya, Kaita da Mai'aduwa ba ta da bambanci da ta Madarumfa da ke Jihar Maraɗi a yanayi da irin itatuwa. Don haka kwamiti yana roƙon babban taro ya amince a karkatar da mafi yawan kuɗin sayen tsirrai zuwa sassabin zamani, a fara da gonakin mambobin da suka yarda, bayan an nemi izinin hakimai da masu unguwanni an kuma zauna da ardo-ardo. Muna kuma neman amincewarku a gayyato wasu daga cikin matasan da suka karɓe mu domin su jagoranci horon farko kafin sassaben bana, ƙungiya ta ɗauki nauyin motarsu da masaukinsu, sannan a ware wa mata rabin gurbin tawaga ta gaba.

Kwamiti yana godiya ga iyayen da suka bar 'ya'yansu suka yi tafiyar, da mambobin da suka ƙara gudummawa a kan kuɗin wata, da mutanen ƙauyukan da suka sauke mu a zaurukansu suka ciyar da mu fura da tuwo ba tare da sun karɓi ko dala ba. Allah Ya saka wa kowa da alheri. Duk mai son a fara aikin a gonarsa ya ba sakatare sunansa da wurin da gonar take kafin a tashi daga taro.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa.