Wasiƙar makaranta: 'yan SS2 da tudun rairayin Nuwakshot

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara, ya gida, ya ɗawainiya da yaran namu.

Wasunku sun tare mu a bakin get suna tambaya wai me ya sa kwanan nan yara ke dawowa gida suna naci a ara musu waya su duba taswira, to ba wasa suke ba, aikin jogirafi ne malaminsu ya ba su a wannan zangon, kuma gaskiya ya burge mu shi ya sa muka ce bari ku ma ku ji.

Nuwakshot, babban birnin Muritaniya, yana bakin Tekun Atilantika ne, kuma wasu unguwanninsa irin su Sebkha da El Mina a kwari suke sosai, abin da ya tare ruwan teku daga shiga gari kawai wani siririn tudun rairayi ne da ya miƙe a gaɓa kamar katanga. Shekara da shekaru masu tifa suna kwasar yashin nan ana gini da shi har ya yi giɓi a wurare, sannan tashar jiragen ruwa da aka buɗe a 1986 ta tare yashin da igiyar ruwa ke kawowa daga arewa, sai ya taru a can, kudu kuma teku ya yi ta cin ƙasa.

Duk wannan yaranmu da idonsu suka gani daga ɗakin kwamfuta. Malam ya buɗe musu tsofaffin hotuna a Google Earth suna ja shekara bayan shekara, suka ɗora farar leda a kan allon kwamfutar suna zana bakin ruwa da maka, ja na da, baƙi na yanzu, layukan suka ƙi haɗuwa. Wata yarinya cewa ta yi Malam ashe ƙasa ma tana ramewa, aji ya kwashe da dariya.

Irin waɗannan hotuna daga sama ake ɗauko su. Na tauraron ɗan'adam na Landsat tun 1972 ake ɗaukarsu, daga 2008 suka zama kyauta. Na wani tauraron kuma, Sentinel-2, kowane ɗigo a hoton mita 10 ne a ƙasa, don haka mai tsoron za a hango shi yana shan iska a tsakar gida ya kwantar da hankali.

Zango mai zuwa za su juya kan namu na gida, tudun rairayin Tulo-Tulo a Yusufari, jihar Yobe, inda iska ce ke tura yashi kan gonaki da dabino.

Ranar Asabar ƙarfe 10 na safe za su nuna ledojinsu a ɗakin kwamfuta, dan Allah a daure a zo ko na minti 30 ne, mun tanadi man janareta ko da wuta ta ɗauke. Kuma kar kowa ya ba yaro kuɗin data da sunan wannan aikin, a makaranta ake yinsa.

Mun gode,
Hukumar makaranta